Daga Guna zuwa ƙofar fada: Sallar Damagaram da darasin ƙasar Butan

Tun azumi yana da sauran kwana goma ake gane Sallah ta matso a Guna, kuma a turken doki ake fara ganin alama. Mai dokin da ya yi wata da watanni yana ba dabbarsa harawa da ɗan abin da ya sawwaƙa, sai a ga ya soma auna masa dawa da kanwa, yana wanke shi, yana fito da sirdi da linzami da jalala daga adaka yana kakkaɓe musu ƙura. Maɗinka suna kwana a kan keke, mata suna ta kai da kawowa tsakanin mai kitso da mai lalle, yara kuwa ba su da zance sai na hawa.

Guna ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram, wanda takardun gwamnati ke kira Zinder. Mutanenta manoma ne na gero da dawa da wake da gyaɗa, inda ƙasa ta yi fadama kuma a dasa rake da kayan lambu. Ba a san ta da otel ko ofishin baƙi ba. Amma daga ita da ƙauyuka irinta ne ake samun jama'ar da ke cika ƙofar fadar Sarkin Damagaram a kwanakin Sallah. Wasu suna yin idi a gida tare da sarkinsu, sa'an nan su kama hanyar birni domin kallo da gaisuwa. Wasu tun jajibere suke sauka gidan dangi a Birni ko Zango. Waɗannan su ne ƴan yawon buɗe ido na farko a ƙasar Damagaram, ko da yake babu wani rajista da ke ƙidaya su.

Hanyar birni

Tafiyar ba ta da nisa, amma tana da abin gani. Amalanken shanu da na jakai suna gaba, kabu-kabu yana ratsa su da mutum uku a kansa, tsofaffin motocin kasuwa suna tafe a karkace saboda lodi. Hagu da dama gonaki ne da gawo da kuka da goruba, rumbuna a jere a bakin kowane ƙauye. Da an doshi birni sai ƙasa ta sake kama: manyan duwatsu su fara ɓullowa, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. A tsakanin waɗannan duwatsu aka kafa Birni, kuma wanda ya gan su zai gane dalilin da ya sa sarakunan da suka zaɓi wurin.

Masana tarihi, cikinsu har da marigayi André Salifou wanda ya wallafa littafinsa a kan Damagaram ta ƙarni na 19 a shekarar 1971, sun nuna cewa wani malami daga wajen Barno ne ya kafa gidan sarautar a ƙarni na 18, kuma Sarki Sulaiman ne ya mai da Zinder mazauninta a farkon ƙarni na 19. Ƙasar tana ƙarƙashin Barno, shi ya sa har yau ake jin sarautu irin su Ciroma da Galadima da Kaigama a fada. Zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ne daular ta kai ƙarfinta: ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har maƙeransa suka zuba igwa a cikin gari. Ayarin Azbin da na Tarabulus suna sauka a Zango da gishiri da dabino da tufafi, su tashi da fata da gashin jimina. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: cikin dukiyar wancan zamani akwai ta cinikin bayi, kuma ƙauyuka da yawa sun san ganuwar nan ta wajen hayaƙin hari kafin su san ta ta wajen kallon hawa.

A 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a watan Yuli 1899, sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga gari. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira, gadon sarauta ya zauna ba sarki sai a 1923. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar Nijar, kafin a mai da mulki Yamai, kusan kilomita 900 a yamma, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Duk wannan yana nan a rubuce a jikin gari ga mai ido: ragowar ganuwa, barikin soja da Faransawa suka gina bisa dutse, tsofaffin gidajen fatake a Zango, da fadar da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19.

Ranar hawa

Da hantsi ranar Sallah, bayan liman ya sallame a filin idi, sai gari ya juya fuska wajen fada. Ana jin tambari tun kafin a ga ƙura, kakaki ya biyo baya, algaita ta ɗauka. Dogarai cikin ja da kore suna buɗe hanya. Mahaya suna tafe ƙungiya ƙungiya, kowane basarake da mutanensa, wasu da lifidi, wasu da sulke da kwalkwali irin na kakanni, dawaki sun sha ado har ba a ganin wuyansu. Sarki yana can baya ƙarƙashin laima, amawali ya rufe masa baki, jama'a suna ɗaga hannu suna gaisuwa, mata suna guɗa daga kan soraye. Maroƙa suna zuba kirarin sarakunan da suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya, kuma dattijan da suka ji zamanin Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin wannan fada, suna gyaɗa kai idan an zo kan sunan da suka sani.

A ƙofar fada ake jahi. Mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami daf da inda Sarki yake, su ɗaga hannu ko mashi. Baƙo yana ganin sukuwa ce kurum. Ɗan ƙasa ya san caffa ce ake sabuntawa: kowane mai sarauta yana nuna a bainar jama'a cewa yana nan, shi da mutanensa, kuma yana biye. Wanda bai zo ba, an lura. Wanda ya zo da dawaki biyar bayan bara ya zo da goma, an lura da wannan ma.

Cikin kwanakin Sallah mahauta suna nasu wasan, wato hawan ƙaho, inda ake ɗaure bijimi da igiya gaba da baya, saurayi ya tunkare shi da kirari ya faɗa tsakanin ƙahoninsa. Damagaram kuma ta shahara da wasan kara, wanda samari ke yi bayan an kawar da amfanin gona: su ƙera dawaki da bindigogi da kayan sarauta da karan dawa, su naɗa nasu sarki da gwamna da kwamandan jandarma, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu, manyan kuma suna zaune suna dariya. Al'ummar da ta ware rana domin yara su kwaikwayi masu mulkinta a gabansu, tana da abin da za ta nuna wa duniya.

Masallacin da ya faɗi

Amma wanda ya bar ƙofar fada ya shiga lungunan Birni zai ga wani labari. Gidajen ƙasa masu zane a fuska, masu zankwaye a kan soro da zaure mai baka, suna nan, sai dai tsakanin kowane biyu ko uku akwai kango, ko kuwa bangon siminti da rufin kwano inda da aka san soro. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son a gyara indararo, a duba azara, a shafa makuba. Magada sun yi yawa, gida ɗaya mutum ashirin, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗi. Maginan da suka iya zane da baka suna tsufa, ƴaƴansu sun koma aikin bulo domin can ne ake samun na cefane.

A farkon watan Satumba 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Hotunan faɗuwarsa sun zagaya duniya ta wayoyin hannu cikin yini ɗaya. Mutane da yawa a Yamai da Kano da Faransa ranar ce suka fara jin sunansa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta sami wannan matsayi a 2013. Shekara 18 bayan shigar da sunan Birni, ruwa ya riga takarda isowa. Ko an sake gina bango, tubalin da hannun mutanen wancan ƙarni ya murza ya riga ya koma ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar nan ba dare ɗaya ta yi ba.

Wata masarauta a cikin duwatsu

A nan ne labarin wata ƙasa mai nisa zai yi wa mai karatu amfani. Butan ƙaramar masarauta ce a tsaunukan Himalaya, a matse tsakanin Indiya da Sin. Faɗinta bai kai kilomita murabba'i 40.000 ba, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, wato jahar Damagaram kaɗai ta ninka ta a ƙasa da jama'a. Ba ta da teku, kamar Nijar. Gidan sarautarta na yanzu ya hau mulki a 1907, kuma sai a 1999 aka buɗe talabijin a ƙasar. Yawancin mutanenta mabiya addinin Budda ne. Tsakanin aƙidarsu da ta Musulmin Damagaram babu haɗi, kuma ba a kan aƙida za a kwatanta su ba. Abin dubawa shi ne yadda matalauciyar ƙasa ta yi da baƙon da ya zo kallon ibadarta.

A kowace gunduma ta Butan akwai wani babban gini mai kaurin bango da ake kira zong. Rabinsa ofisoshin hukuma ne, rabinsa mazaunin ƴan zuhudu masu jajayen tufafi, waɗanda suka bar gida tun suna yara domin karatu da ibada. Yawancin waɗannan gine-gine na ƙarni na 17 ne, zamanin Ngawang Namgyal wanda ya haɗa kan ƙasar. Na Punaka an kafa shi a 1637. Da dutse da ƙasa da katako aka yi su. Mutumin Damagaram da ya ga fada da masallaci suna fuskantar juna a fili ɗaya ba zai yi mamakin wannan tsari ba.

A farfajiyar zong ake yin bikin shekara da suke kira tsecu, ma'ana rana ta goma ga wata, domin tunawa da malamin da suka ce shi ya kawo musu addini a ƙarni na 8, wanda suke kira Guru Rimpoce. Kwana uku zuwa biyar ana yi. Ƴan zuhudu da mutanen gari suna sa fuskokin katako na dabbobi da dodanni, da riguna masu faɗi, suna rawa da ganguna da dogayen ƙahonin ƙarfe masu kama da kakaki, kowace rawa tana ba da labari daga littattafansu. Akwai kuma ƴan barkwanci masu jar fuska da ke yawo cikin taro suna tsokanar kowa, har manyan malamai. A garin Paro, ranar ƙarshe tun kafin asuba, ake warware wani ƙaton kyalle mai hoton malamin, wanda ya rufe fuskar gini, a naɗe shi kafin rana ta taɓa shi. Manoma suna saukowa daga ƙauyukan kan dutse da iyalinsu da abincinsu, cikin tufafinsu mafi kyau, ana ciniki, ana sada zumunci, ana ganin ƴan mata. In an cire abin da ake bauta wa, ragowar duk mutumin Guna ya san shi.

Kuɗin kallo da ƙa'idar kallo

Sai a 1974, shekarar naɗin sarkinsu na huɗu, Butan ta buɗe ƙofa ga ƴan yawon buɗe ido, kuma mutum 287 ne suka shiga a shekarar. Tun daga farko hukuma ta yanke shawara cewa gara baƙi kaɗan masu biya da yawa da baƙi da yawa masu biya kaɗan. Shekaru da dama kowane baƙo daga nesa sai ya biya dalar Amurka 200 zuwa 250 a kowace rana, kuɗin da ya haɗa masauki da abinci da mota da ɗan jagora, 65 daga ciki kuma na baitulmali ne. A 2022, bayan annobar korona, aka sake tsari: harajin hukuma kaɗai ya koma dalar Amurka 200 a kowane dare. Baƙi suka ja baya, sai a 2023 aka rage shi zuwa 100, wato wajen jaka 55 zuwa 60 na kuɗin sefa. Ƴan Indiya, maƙwabta, suna biyan abin da bai kai haka ba nesa. Kuɗin yana shiga asusun da ake biyan lakwal da likita, waɗanda tsarin mulkin ƙasar na 2008 ya ce kyauta ne ga talaka.

Ƙa'ida ta fi kuɗin muhimmanci. Baƙo yana cire takalmi da hula kafin ya shiga ɗakin ibada, ba ya ɗaukar hoto a ciki, ba ya shiga zong da gajeren wando. Ranar biki ba a matsar da ita domin jirgin wani ya makara. Lissafin watansu ne ke yanke ta. A 1988, da malamansu suka koka cewa kallo ya fara cinye ibada, hukuma ta rufe gidajen ibada masu yawa ga baƙi, ta haƙura da kuɗin, sai daga baya aka riƙa buɗewa da izini. Kuma idan gini ya lalace ana tayar da shi. Gidan zuhudu na Taktsang, wanda aka manna a jikin dutse kimanin mita 900 bisa kwarin Paro tun 1692, ya ƙone a 1998, aka gama sake gina shi a 2005 bisa fasalinsa na da. Zong ɗin Wangdi ya ƙone a 2012, aka kammala sabunta shi a 2022. Magina da masassaƙa da masu zane suna da makarantar hukuma a Timfu, babban birni, inda ake koyar da sana'o'in gargajiya 13.

Ba a ce komai na Butan abin koyi ne ba. Da sunan kare al'ada ne hukuma ta tilasta wa kowa tufafi ɗaya da harshe ɗaya a ƙarshen shekarun 1980, kuma a farkon shekarun 1990 mutane wajen 100.000 masu jin harshen Nepal suka bar ƙasar, suka yi shekaru a sansanin gudun hijira. A ƴan shekarun nan kuma dubban matasanta masu ilimi sun tafi Ostareliya neman aiki. Damagaram, inda Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafillace da Tubawa ke cin kasuwa ɗaya, ba ta da bukatar irin wancan tsarkin al'ada. Abin ɗauka guda biyu ne: mai gida ne ke faɗin yadda za a shiga gidansa, kuma abin da baƙo ya biya yana komawa ga bangon da ya zo gani.

Baƙon da ake jira da wanda ke ƙofa

Damagaram ta daɗe da sanin baƙi. James Richardson ya sauka a nan a farkon 1851, Heinrich Barth ya iso a ƙarshen 1852. A shekarun 1970 da 1980 Nasara suna ratso Sahara daga Tamanrasat zuwa Agadas, su biyo ta Tanut su kwana a Zinder, su sayi jaka da takalmi wajen dukawa, wasu su sayar da tsohuwar Peugeot ɗinsu su wuce Kano. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka tsinke wannan hanya. A watan Janairu 2015 aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Zinder cikin tarzoma. Wanda ya jingina gyaran Birni ga dawowar waɗancan baƙi, ya jingina shi ga abin da ba ya hannunsa.

Alhali kuwa akwai baƙo a ƙofa. Kano tana kimanin kilomita 240 daga nan, Daura ta fi kusa. A watan Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma masu zuwa kallonsa daga Legas da Abuja da ƙasashen waje rabin yini ya ishe su su ƙaraso Damagaram, idan iyaka tana buɗe kuma an san ranar hawa tun da wuri. Rufe iyakar da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa farkon 2024, ya nuna wa kowane ɗan kasuwa abin da hanyar nan take nufi. Akwai kuma ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai ko Doso, ya yi shekara biyar tsakanin ofis da gidan haya bai taɓa taka Birni ba. Akwai ɗaliban jami'ar Zinder, da ma'aikatan matatar mai da aka buɗe a 2011, da ƴan lakwal na jaha duka waɗanda ke karanta Tanimun a littafi ba a taɓa kai su ƙofar gidansa ba. A 2018, lokacin bikin 18 ga Disamba na Zinder Sabuwa, an ga cewa idan hukuma ta so, kuɗin gyaran gari yana fitowa. Abin da ya rage shi ne ya riƙa isa lungu.

Abin da hannu zai iya

Ba sai an je Himalaya ba ma. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari suna fitowa gayya kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa cikin yini ɗaya, maza da kwandunan laka, mata da tulunan ruwa, kuma ranar yaɓen ita kanta ta zama biki da ake zuwa kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan fada ta sa rana kafin damina, ta kira sarkin magina da masu unguwa, attajiran Kasuwar Dole suka ɗauki nauyin ƙasa da azara da abincin ma'aikata, ƙauyuka irin Guna suka kawo amalanke da ƙarfin samari, gida goma a shekara ba zai gagara ba, kuma yaron da ya cuɗa laka kusa da tsohon magini ya fara koyon sana'a ke nan.

Ma'aikatan magajin gari da na ma'aikatar al'adu suna da nasu rabon: a ƙidaya gidajen da suka cancanci a tsare, a san mai kowane ɗaya, a sasanta magada kafin soro ya faɗi. Idan za a karɓi kuɗin shiga ko na ɗaukar hoto, a karɓa da takardar shaida, a faɗa wa jama'a a rediyo abin da aka tara da bangon da aka yaɓe da shi, domin asusun da ba a ganin cikinsa ba ya daɗewa mutane suna zuba masa. A horar da samarin unguwa su zama ƴan jagora masu faɗin tarihi yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa. A kuma tuna da mai doki. Dawa ta yi tsada, babur ya fi doki arha a ciyarwa, kuma ranar da mahayan karkara suka sayar da dabbobinsu, laima da kakaki kaɗai ba su yin hawa.

Ƙa'idar kallo kuwa malamai da fada ne za su faɗe ta, kuma ba ta da wuya. Sallar idi ibada ce: baƙo ya tsaya gefe, kada ya ratsa sahu da na'urar hoto. Kada a ɗauki matan aure ba da izini ba. Tsangayun da ke cikin gari da kewaye, inda alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ka, wurin karatu ne. Wanda ya shiga ya yi sallama, ya cire takalmi, in zai yi alheri ya miƙa wa malam, kada ya watsa wa almajirai kuɗi domin ya sami hoto. Kada a shirya hawan ƙarya ranar Talata saboda wata tawaga ta sauka. Baƙon kirki ya fi girmama abin da aka gindaya masa sharaɗi a kansa.

Komawa gida

Kwana biyu ko uku bayan Sallah, hanyar Guna takan cika da masu komawa. Dokin da ya yi jahi yana tafe a hankali, an naɗe kayan adonsa cikin buhu. Yara sun yi barci a amalanke da ragowar alewa a hannu, mata suna lissafin gidajen da aka gaisar da waɗanda ba a samu zuwa ba. Da dare a dandali za a yi ta maimaita wanda dokinsa ya fi kyau da wanda rawaninsa ya faɗi, har zuwa wata Sallar.

Waɗannan mutane ba su biya ko dala ba a ƙofa, amma da ƙafarsu da dawarsu da guɗarsu ake yin hawan, shekara bayan shekara, ko Nasara ya zo ko bai zo ba. Manomin da ke saukowa daga dutse zuwa Paro shi ma haka yake a ƙasarsu, sai dai shi hukumarsa ta gane da wuri cewa domin shi ake bikin, ta tsare masa ginin da ranar. Damina tana tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba masu hali ikon tunawa da bangon kakanninsu, ya maimaita mana.